Ruwan Fita Takaba

Gwaggo MaNgobese ta iso birnin Durban da ke bakin teku ranar Laraba kafin la'asar, cikin baƙaƙen kayanta na takaba, riƙe da jaka ɗaya da farar jarka wadda babu komai a ciki. Yayar mahaifinmu ce. Ita ta riƙe ni da ƙanena Lindelani a ƙauyenmu Nquthu bayan rasuwar iyayenmu, kuma duk shekarun da muka yi a birni ba ta taɓa zuwa ba. Wannan karon ma ba ziyara ce ta kawo ta ba. Ranar Asabar za a fitar da ita daga takabar mijinta, Baba Sibiya. An sayi akuya, an jiƙa dawar giya, dangin mijin sun fara sauka. Mai addu'ar cocinsu ta ce kafin ta tuɓe baƙin kaya sai ta yi wanka da ruwan teku, kuma ba irin wanda ake sayarwa cikin kwalabe a tasha ba, sai wanda ta ɗebo da hannunta. Idan babu ruwan, babu fita takaba. Sai a sallami mutane, a sa wata rana, ita kuma ta ci gaba da zama cikin baƙi.

Motar komawa tana tashi ranar Juma'a da sassafe. Ke nan Alhamis kaɗai gare ta, ita ma ba duka ba, domin mai takaba ba ta bari rana ta faɗi tana waje.

Ni ban ga wata matsala ba. Ɗakina yana unguwar South Beach, a wani tsohon bene da tagoginsa ke kallon bangon wani benen, amma daga ƙofarmu zuwa bakin ruwa mutum zai je ya dawo shayinsa bai huce ba. Alhamis ɗin ranar hutu ce ta tsakiyar Disamba, ranar da rabin lardin ke sauka gaɓar teku. Na ce mata mu je da safe kafin a cika, mu ɗebo, mu dawo mu karya kumallo. Ta amince. Washegari da safe, muna cikin sa takalma muka ji hon a ƙasa.

Lindelani ne. A farkon shekara ya bar aikinsa na shagon waya, ya yi kwas na jagoran masu yawon buɗe ido, ya sayi tsohuwar ƙaramar bas ya yi mata fenti rawaya, ya sa aka rubuta sunan gidanmu, Ngobese, a gefenta. Baƙin da ya ɗauka zuwa lokacin ba su wuce wasu Jamusawa da suka shiga bisa kuskure suna zaton motar otal ɗinsu ce ba. Ya hauro da riga mai aljihu ko'ina, da ƙaramar tuta ja a kan sanda, da lasifikar hannu rataye a wuya. Ya durƙusa ya gai da Gwaggo yadda ya kamata, sannan ya sanar da mu cewa ya shirya mata yawon birni na yini guda.

Na gaya masa inda za mu. Ya dube ni kamar na ce za mu fara cin abinci daga ƙashi.

"Ba a fara yawo da teku, Yaya. Da teku ake rufewa. Wanda ya ga teku da safe, me kuma za a nuna masa da rana?"

Na ce ba kallo ta zo ba, ɗiba ta zo.

"Matar da ta sayar da kajinta ta sa mu makaranta, yau ta taka garinmu, sai ki kai ta ɗiban ruwa ki mayar da ita tasha? Me za ta gaya wa mutanen Nquthu ta gani? Bangon maƙwabcinki?"

Gwaggo ta leƙa ta tagar matakala, ta ga bas ɗin, ta karanta abin da ke jikinta a hankali, harafi bayan harafi. Tun yana yaro ba ta iya hana shi komai ba. Ta ce mu je ta ga aikin yaron, ai ruwan yana nan. Ta sunkuya za ta ɗauki jarkar, ya karɓe ta daga hannunta ya ajiye bayan ƙofa. Ya ce ba a yawon buɗe ido da jarka, kuma tunda a nan za a ƙare, a nan za a same ta. Na buɗe baki, na ga fuskar Gwaggo, na rufe.

Ya shirya mata kujerar gaba, har da matashi da ruwan sanyi. Ta wuce ta zauna a kujerar ƙarshe, ta jingina da gilashin baya. Ya manta, ko kuma ya yi kamar ya manta, cewa mai takaba ba ta juya wa mutum baya. Duhun mutuwar da take ɗauke da shi ta bayanta yake, kuma wanda ya tsaya ko ya zauna yana kallon ƙeyarta shi zai kwasa. Shekara guda ke nan tana zama a layin ƙarshe a coci, tana shiga mota a ƙarshe, tana cin abinci da nata cokali. Lindelani ya ce waɗannan abubuwan ƙauye ne, nan birni ne, babu wanda ya damu. Ta ce ita ta damu. Tunda ta yi masa nisa, sai ya kunna lasifika. Mu uku ne a motar.

Ya fara da tudun Berea, wai don ta ga birnin gaba ɗaya. Hazo ya rufe gabas, ruwa da sama sun zama abu ɗaya. Ya nuna mata jiragen ruwa da ke jiran shiga tasha, ta duba ta daɗe, ta ce ta ga wasu abubuwa a rataye. Ya lissafa mata sunayen unguwanni har sai da wani mai gida ya fito ya ce a rage sautin.

Daga nan lambun shuke-shuke. Da yake ƙafa ake yi, kuma hanyoyin suna da faɗi, a nan abin ya zo da sauƙi. Ya kai ta gaban wata tsohuwar bishiya mai kama da gajeriyar giginya, ya yi bayani cewa irinta namiji kaɗai aka taɓa samu a daji, an nemi mace an rasa, duk wadda ke duniya yanzu daga jikinsa aka ɓallo ta. Gwaggo ta tsaya a gabanta fiye da yadda ta tsaya a ko'ina.

"To wa ke masa abinci?"

Ya ce masu lambu ne ke ba shi ruwa.

"Shi ya sa ya yi wannan fuskar," in ji ta.

Na duba rana, ta kusa tsakiya. Na ce mu koma. Lindelani ya ce saura kasuwa, kuma ba a zuwa Durban a tafi ba a ci burodin nan da ake rarakewa a cika da miyar kori ba. A kasuwar, masu sayarwa suna ganin baƙin kayan suka riƙa rage murya. Wata mai duwatsun wuya ta ja tirenta gefe ba tare da ta ɗago kai ba. A shagon abincin babu kujerar da ke jingine da bango, don haka muka sayo muka koma mota. Gwaggo ta fito da cokalinta daga jaka. Lindelani ya ce da hannu ake cin wannan, kowa ya sani. Ta ci da cokali, yaji ya sa mata hawaye, ta ce abincin yana da daɗi amma wanda ya dafa shi yana fushi da wani.

Zafi ya yi yawa. Ita tana cikin zane baƙi, riga baƙa, mayafin kafaɗa baƙi, ɗankwali baƙi. Na ga gumi yana bin gefen wuyanta.

Na sake cewa mu koma. Ya ce saura abu ɗaya, shi ne babban. A kan filin wasa akwai ƙaton baka na ƙarfe, kuma akwai akwatin gilashi da ke hawa da mutane har ƙololuwarsa. Daga can, in ji shi, za ta ga tekun daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta san abin da za ta ɗeba. Ya ce abin ba ya ɗaukar lokaci.

Layin da muka tarar ya zagaye shagon tikiti ya fita rana. Motocin makarantu, ƙungiyoyin mata na coci cikin anko, iyalai daga lardin Gauteng da akwatunan ƙanƙara. Muka shiga ƙarshen layi. Ba a jima ba wani mutum da matarsa suka tsaya bayanmu. Gwaggo ta matsa gefe.

"Wuce, ɗana."

Suka wuce, suka yi godiya. Wasu 'yan mata suka zo, ta matsa. Wata motar makaranta ta sauke yara, ta matsa musu ɗaya bayan ɗaya, malaminsu ma ta matsa masa. Duk wanda ya zo sai ya tarar da wata tsohuwa mai kirki tana ba shi wuri. Layin yana tafiya, mu muna nan inda muka fara, kusa da kwandon shara.

Lindelani ya yi ƙoƙarin yi mata bayani cewa layi ba coci ba ne, kowa wayarsa yake kallo. Da hakan bai yi ba, sai ya ce to shi zai tsaya a bayanta ya kare sauran, tunda shi bai yarda da waɗannan abubuwa ba. Ya ma ɗaga ƙafa.

"Ka kwashi duhun ka kai motar nan taka?" in ji Gwaggo. "Ka tsaya mana."

Ya tsaya da ƙafar a sama na ɗan lokaci. Sannan ya ce bari ya je ya yi magana da mai kula da ƙofa.

Aka shirya cewa ni zan bi layi, ita ta jira a jikin bango, idan na kai gaba sai ta shiga akwatin a ƙarshe, ta tsaya bayanta a jikin gilashi. Na tambaye shi ta wane gefe tekun yake. Ya ce ta gefen gilashin da za ta jingina. Na ce ke nan za ta hau sama ta kalli kunnuwan mutane. Ya ce kullum ni ce mai ɓata abu, tun muna yara. Na bi layin. Ina tafe ina kallon inuwar shagon tikitin tana tsawo a ƙasa.

Da na kai gaba, na ɗaga mata hannu. Ta taho ta gefen igiya, a karkace, kafaɗa a gaba. Wata mata da ke gabana, mai yara uku da hular rana, ta juyo ta gan ta. Ta jawo yaran jikinta. Ba ta yi tsawa ba, ta dai faɗa da muryar da kowa zai ji cewa ita ba za ta shiga akwati a rufe da mai takaba ba, kuma a inda ta fito, wadda mijinta ya mutu gida take zama, ba ta bin wuraren wasa. Wasu suka goyi bayanta, wasu suka ce ta bar tsohuwa ta hau. Mai kula da ƙofa ya ce shi dai a yanke shawara, akwatin yana jira. Lindelani ya fara magana a kan tsarin mulki.

Gwaggo ta ɗaga hannu, ya yi shiru.

"Gaskiyarta," ta ce. Ta ɗaga kai ta dubi rana, karo na farko a ranar. Ta juyo ga Lindelani. "Ngobese, ina jarkata?"

Jarkar tana bayan ƙofata, a ɗaya ƙarshen gari. Daga filin wasan ana jin ƙarar ruwa, tafiya kaɗan ce a ƙafa, amma ba mu da abin ɗiba. Lindelani ya ce a sayi ruwan roba a zubar a yi amfani da robar. Ta ce waccan jarkar aka yi wa addu'a.

Hanyoyin da ke bin gaɓa duk an rufe su ga motoci saboda hutu, kamar kowace shekara, abin da kowane mai tasi ya sani. 'Yan sanda suna karkatar da kowa cikin gari. Muka shiga cunkoso muka tsaya. Lindelani ya gwada wata hanya ta baya, muka fito a cikin wani cunkoson. Ya kashe lasifikar. Da muka wuce babban zauren birni, ya buɗe baki ya nuna da yatsa, sannan ya mayar da hannunsa kan sitiyari. Ta madubi ina ganin Gwaggo, hannuwanta a cinya, tana kallon sama ta gilashi. Da ƙyar muka isa ƙofar benena, inda muka tashi da safe.

Na haura da gudu na ɗauko jarkar. Da na sauko, rana ta sauka har ta kusa kan dogayen otal-otal, inuwarsu ta fara tsallaka titi.

A kan titi Gwaggo ba ta da damuwa, domin a ganinta kowa tafiyarsa yake, babu wanda ya kafa mata ido. Da muka isa matakalar da ke sauka kan yashi sai ta tsaya cak. Daga nan ba a ganin ruwa, sai laimomi da kawuna. Mutane sun zauna jere bayan jere har bakin ruwa, da tukwane, da rediyo, da jarirai, kuma dukkansu gefe ɗaya suke kallo, kamar a coci. Duk wanda ya sauka ya nufi teku, bayansa yana fuskar dubban mutane.

Lindelani ya ce mu bi gaɓa zuwa kudu, wataƙila akwai inda babu kowa. Na ce yau babu. Ya ce to ni in shiga in ɗebo, ita ta ɗora hannu a kan jarkar daga baya, wa zai sani? Ba ta ko kalle shi ba. Ta cire takalmanta ta ba ni, ta gyara ɗaurin zane, ta karɓi jarkar, ta juya ta fuskanci gari.

Da baya za ta tafi. Ta bayyana mana tsarin a taƙaice, kamar wadda ta daɗe da sanin haka za a yi. Waɗanda ta wuce za su ga fuskarta. Waɗanda ba ta kai ba, su ma bayansu suka ba ta, babu laifi. Matsalar ita ce masu tahowa daga ruwa. Saboda haka Lindelani zai shiga gaba, fuskarsa ga teku, bayansa ga bayanta, ya kawar da duk mai zuwa. Ni zan fuskance ta in riƙe mata hannu in gaya mata inda za ta taka.

Haka muka sauka. Lindelani ya ɗaga jar tutarsa, ya kunna lasifika, yana roƙon a ba da hanya, a bi ta gefe, a kama yara. Ya iya, wannan kam. Mutane suka riƙa janye ƙafafu da tabarmi. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗaga waya, amma da suka ga kayan sai yawancinsu suka sauke. Wani dattijo ya cire hularsa. Wani saurayi da kwalba a hannu ya tambaya ko sabuwar rawa ce, matar da ke kusa da shi ta kai masa duka a cinya. Ni kuwa abin da nake faɗa bai wuce hagu, dama, akwai ƙafa, akwai tukunya, ɗaga ƙafa. Ta taka kwanon wani, ta ba shi haƙuri, ya ce babu komai, Mama, ki wuce. Idanunta ba a kaina suke ba. Suna can saman kaina, inda rana take.

Tsakanin tutoci biyu na masu ceton mutane a ruwa, inda aka yarda a yi iyo, ruwan ba a ganinsa don mutane. Dole muka karkata zuwa wajen tuta, inda babu kowa a ciki. Yashin ya koma jiƙaƙƙe. Kumfar farko ta zo ta rufe mata idon sawu, ta ɗan ja numfashi.

Lindelani ya sauke tuta, ya gyara murya.

"Gwaggo, wannan da ke bayanki shi ne Tekun Indiya, na uku a girma a duniya, kuma ruwansa yana da ɗumi ne saboda..."

Igiyar ruwa ta zo ta buge shi a ciki, ta wuce ta bugi Gwaggo a bayan gwiwa, ta jefo ta kaina. Na tare ta da ƙyar. Takalminta ɗaya ya suɓuce daga hannuna ya tafi.

"Kai, mai lasifika," na ce. "Abu ɗaya ake so ka faɗa yau. In ruwa na zuwa, ka ce yana zuwa."

Ta sunkuya ta kara bakin jarkar. Jarkar babu komai, sai ta yi ta iyo a sama tana ƙin nutsewa. Da ruwan ya koma, ta ɗaga ta girgiza: kumfa da yashi, ko kofi ba za su cika ba. Ta sake, haka. Bakin ƙarami ne, ruwan kuma ba ya tsayawa. Ta ce sai an ƙara shiga. Muka ƙara, har ruwa ya kai mata cinya, baƙin zanen ya buɗe a kansa yana jan ta.

Sai ga usur. Wani mai ceto ya taho da gudu, matashi, hancinsa fari da man rana. Ya fara da cewa nan ba a shiga, akwai jan ruwa a ƙasa, ga tutoci can. Da ya iso ya ga kayan da jarkar, sai ya saki usur ɗin ya faɗi a ƙirjinsa, ya dafe goshi. Ya ce ita ce ta nawa yau, kuma duk sai sun zaɓi wurin da ya fi muni. Ya roƙe ta ta koma tsakanin tutoci.

"Akwai mutane a cikin ruwan can?"

Ya juya ya duba.

"To," in ji ta.

Ya matso ya tsaya daidai gefenta, ba gaba ba, ba baya ba. "Ki cika, Mama, amma da sauri. Kuma ki sani, in ruwa ya ja ki, ta bayanki zan bi. Ba ruwana da duhu."

"Ba zai ja ni ba. Ina da taro ranar Asabar."

Lindelani ya ce yana zuwa, babba ne. Ta danna jarkar ƙarƙashin ruwa da hannu biyu, ta sa gwiwa a kanta. Na kama ta ta kafaɗu. Ruwan ya zo ya haura mana har ƙirji, ya shiga bakina, ya cire mata ɗankwali, mai ceton ya cafke shi. Da ya koma sai na ji yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafafuna, na ji nauyinta duka a hannuna. Jarkar tana ta ɓulɓul. Lindelani ya ce wani na zuwa, ƙarami. Sannan ya ce a'a, ba ƙarami ba ne. Ya buge mu. Ba ta saki ba. Da ɓulɓul ɗin ya tsaya, ta ɗago ta da ƙyar, ta ciro murfin daga cikin rigarta, ta murɗa shi har sai da ya yi ƙara.

Mai ceton ya miƙa mata ɗankwalinta, ya ce Allah ya kai lafiya, kuma don Allah ta gaya wa mutanen garinsu su riƙa zuwa da safe. Na kalli Lindelani. Yana duba lasifikarsa, ruwa na zuba daga bakinta.

Da an ɗebo, kowa na iya ɗauka. Ya saɓa jarkar a kafaɗa. Yanzu hanyarmu gari ce, fuskarta ga mutane, babu sauran dabara. Muna fita daga ruwan ya tsaya a gefenta.

"Gwaggo, ki juya sau ɗaya. Kin yi wannan tafiyar duka. Ƙiftawar ido kawai."

Ta dubi gabanta. Jeren farko wata mata ce da jariri a cinya tana ba shi ayaba, tana kallonmu. Bayanta wasu, bayansu wasu, har matakala. Sama da su rana ta taɓa rufin otal.

"In na sa kaya masu launi zan dawo," ta ce. "Ni da 'yar nan. Da ƙafa."

Ta yi gaba, takalmi ɗaya a hannu, ruwa na ɗiga daga zanenta. Tafiyar da muke yi kullum ba tare da lura ba, ranar sai da muka yi ta da sauri-sauri, muna kutsawa tsakanin masu gasa nama da masu sayar da tabarau. A ƙofar bene mai gadi ya dubi ƙasan da ya goge, ya dube mu, ya matsa. Da na rufe ƙofar ɗakina, akwai sauran rana ja a saman bangon da ke fuskantar tagata. Gwaggo ta je ta duba da kanta kafin ta zauna.

Ta sa aka ajiye jarkar a kusurwa, nesa da murhu. Ta ce in kira Nquthu in gaya wa ƙanin mijinta Asabar tana nan, kada a sallami kowa. Na kira, ya ce dama ba su yi shakka ba, ai ɗiban ruwa ba wani aiki ba ne. Na ce haka ne.

Na ba ta tawul, na ɗora ruwan shayi. Lindelani yana tsaye a bakin ƙofa cikin jiƙaƙƙiyar rigarsa, yana fito da abubuwa daga aljihuna yana shanyawa a kan firij. Can ya ce shi zai kai ta tasha gobe, kuma idan aka fita da wuri kaɗan, tashar jiragen ruwa tana kan hanya, ba za a ko sauka daga mota ba.

Na miƙa hannu na ɗauki makullin bas ɗin daga kan firij, na sa a aljihuna, na ce ni zan tuƙa.